Karkashi Mai Son Gulma

Ku matso, yara, ku ji dalilin da ya sa karkashin da ake wanke muku kai da shi yake da yauƙi, a ɗebo shi ya taho da zare, a zuba ruwa ya ƙi sauka.

Da can ba haka yake ba. In an jiƙa garinsa, tsararo ne kamar ruwan rijiya. Ana zuba shi a ka sai ya zurare ya bi rariya.

A wani gari akwai makitsiya, Iya Tasalla, wadda bakinta ya fi hannunta sauri. Kafin ta yi wa mace kitso sai ta wanke mata kai, tana cuɗawa tana zuba labarin mutane. Shi kuwa Karkashi akwai son gulma. Amma kullum da Iya ta ce, "Kin san wa aka kama?" sai ya ji shi a rariya. Bai taɓa jin ƙarshen labari ba.

Abin ya ishe shi, ya tafi wurin Kuɓewa.

"Yaya, sam mini yauƙinki in riƙa ɗan daɗewa a ka."

"Ga shi nan a ƙwarya," in ji Kuɓewa. "Lasa kaɗan, yana da ƙarfi."

Tana juya baya ya shanye tas.

Washegari wata mata, Kuluwa, ta zo kitso, ranta a ɓace don an sace mata zakara. Iya ta zuba Karkashi, ya maƙale a gashi ya kasa kunne. Ta ba da labarin ƙauyen gaba, ta zuba ruwa, bai sauka ba. Ta ba da na maƙwabta, ta ƙara ruwa, yana nan. Labarai suka ƙare, wanki bai ƙare ba, bakin Iya kuwa bai iya shiru ba.

"Ai zakaran nan naki," ta ce, "mijinki Ɗanlasan ne ya soye shi da abokansa. Har ni an sam mini cinya."

"Me kika ce, Iya?"

Kuluwa ta miƙe zumbur, ta taka yauƙin da ya ɗiga, santsi ya kwashe ta. Ta cafko zanin Iya, suka zube tare, tim! Haka ta fita da kai jiƙe tana neman Ɗanlasan, Karkashi na lilo a gashinta, dariya kamar ta kashe shi. Ran nan ya ga ƙarshen labari da idonsa, don sai da Ɗanlasan ya haye katanga.

Da Karkashi ya koma a cire masa yauƙin, Kuɓewa ta ce, "Kaɗan na ce maka. Je ka da abinka."

Mata suka so su daina amfani da shi, sai suka ga gashin Kuluwa ya yi laushi, tsefewa ba kuka.

Shi ya sa har yau karkashi yake da yauƙi, sai an yi ta ɗauraya kafin ya saki kai. Ke Lantana, ki ɗauko buta, ke ce ta farko.