Ɗigo Uku a Allon Mai Hoto

Yau wata biyu ba mu da Yaya, babban wana. Har yanzu idan na tuna abin da aka yi masa, zuciyata tafasa take yi.

Akwai wani kantin sayar da allon kwamfuta inda Yaya ya yi shekara tara yana gyara. Manajan wurin ya kafa doka: kada a gwada wa mai saye allo sai da bidiyo mai launuka yana gudu. A haka ido ba ya kama ɗigon da ya mutu a jikin allon, sai in an mayar da allon fari tas.

Wata rana wani dattijo mai ɗaukar hoto ya dawo da allon da ya saya. Ɗigo uku baƙaƙe ne a tsakiyarsa, daidai inda fuska ke zama. Bawan Allah ya ɗauka tabo ne a fuskokin mutane, ya yi ta gogewa daga hotunansu a kwamfuta. Da ya wanke hotunan, kowa goshinsa ya dame. Masu hotunan suka zazzage shi, wasu suka koma wani wuri.

Manaja ko tashi bai yi ba. Ya jawo takardar garanti, ya ce sai ɗigo ya kai biyar ake canzawa.

"Baba, je ka yi addu'a ɗigo biyu su ƙaru," in ji shi, yana dariya.

Dattijon ya ce shi ba rigima ya zo yi ba, abincin iyalinsa ne a allon nan. Manaja ya ce a nuna masa ƙofa.

Yaya yana jin su daga teburinsa. Ya san in ya buɗe baki aikinsa ya tafi, ga 'ya'ya huɗu a gida. Amma ya ajiye sukudireba ya taso.

"Ranka ya daɗe, allon nan sau biyu ana dawo da shi. Ni ka sa na mayar da shi kwali."

Masu saye suna tsaye, sun ji komai. Dole manaja ya canza wa dattijon, amma kafin la'asar ya kori Yaya kamar ɓarawo.

Dattijon nan ya ba shi lungu a shagonsa. Labari ya bazu, duk mai sayen allo sai ya ɗauki Yaya ya raka shi, a mayar da allon fari a gabansa. Kantin manaja kuwa kwalaye suka yi ta tara ƙura, har mai kantin ya sallami manajan. A lungun nan Yaya ya ci halalinsa har ciwo ya kwantar da shi.

Darasi: takarda za ta iya ba ka gaskiya alhali kai macuci ne. In ka san aibin kaya, ka faɗa.

Ku tura wa 'yan kasuwar da kuka sani, ku kuma taya ni cewa Allah ya ji ƙan Yaya, ya raya marayunsa. Amin.