Saukar Attaura

Wani sarki ya yi kwaɗayin unguwar Yahudawan garinsa, ya ce su tashi.

Ɗaya daga cikinsu, Nahum maɗinki, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, kowace Asabar muna karanta yanki guda na Attaura. Bari mu sauke, sai mu tafi."

Sarki ya ce, "Na rantse ba mai taɓa ku sai kun gama."

Ranar sauka sarki ya zo da dogarai. Ana kai ayar ƙarshe, sai aka koma ta farko, mai labarin halittar duniya, yadda suka saba kowace shekara.

Sarki ya daka tsawa: "Ba kun gama ba?"

Nahum ya ce, "Ina! Yanzu fa aka halicci duniya, ranka ya daɗe. Garinka ma ba a kafa shi ba tukuna."