Igiyar da Aka Bari a Aljihu

Ƙawata Damaris, ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Ki samu wuri ki zauna, ki karanta wannan a hankali. Fasto ya ce ni zan koyar a ajin manya ranar Lahadin nan, tunda malaminmu ya yi tafiya. Kin san ban shiga aji ba. Da Littafi Mai Tsarki na marigayi maigidana, Baban Filimon, na koyi karatu, yatsa a kan layi. Inda rubutuna ya karkace ki miƙe shi, amma kada ki canza maganar.

Misali na shirya. Kada ki yi mini dariya don na sa inji a ciki. Na taɓa ganinsa da idona a filin asibitin mishan, mutum na zaune a kai kamar mai tuƙa ƙaramar tarakta, ciyawa na zubewa a bayansa. Yaranmu na yanzu sun fi sanin inji fiye da lauje. Ga abin da zan faɗa musu.

Akwai wani mutum mai babban lambu a bayan gidansa. Mahaifinsa ne ya bar masa, kewaye da katanga, da ƙofa guda ɗaya wadda ba ta da faɗi. Matarsa kuwa tana da wata al'ada. Duk ranar da aka kai jaririnta coci aka miƙa shi ga Allah, idan suka dawo sai ta dasa itace a lambun da sunansa. Ta dasa wa babban ɗansu mangwaro, ta biyu gwaiba, autan kuma lemo, wanda bai ko kai gwiwa ba tukuna.

Da damina ta sauka, ciyawa ta tashi. Mutumin ya yi ta fama da lauje da adda, amma kafin ya kai ƙarshen lambun, farkon ya sake cika. Wata rana 'yarsa ta shigo da gudu tana kuka, ta ce ta ga maciji kusa da gwaibarta. Tun daga ranar uwar ta hana yaran shiga lambu.

Sai mutumin ya ce wa matarsa, "Zan tafi birni in sayo injin yankan ciyawa, irin wanda ake hawa."

Ta ce, "Ya yi kyau, Baban yara."

Da safe ya zaga lambun, ya dubi tsawonsa da faɗinsa, ya ce a ransa, babban lambu sai babban inji. Matar kuwa ta kwance tsohuwar igiyar shanya, ta je ƙofar lambun, ta miƙa ta daga wannan gefe zuwa wancan, ta yi ƙulli daidai faɗin ƙofar. Ta kawo masa ta ce, "Ka sa a aljihu. Duk wanda za ka saya, ka fara gwada shi da wannan."

Ya karɓa ya sa a aljihu, ya tafi.

A birni mai shago ya nuna masa inji biyu. Ɗaya ƙarami ne, ba shi da wani kwarjini, yana iya juyawa tsakanin itatuwa. Ɗayan babba ne, ja, yana ƙyalli, kujerarsa kamar ta mota, wuƙaƙensa masu faɗi.

Mai shagon ya ce, "Ranka ya daɗe, dukansu suna aiki. Ƙaramin zai ɗauke ka yini. Babban kuwa, kafin shayinka ya huce ka gama. Ka hau ka ji."

Mutumin ya hau, ya kama sitiyari, ya ji kansa a sama. Ya sa hannu a aljihu ya taɓa igiyar. Amma shagon cike yake da mutane masu manyan riguna, sai ya ji kunyar fito da tsohuwar igiyar shanya a gabansu, ya durƙusa yana awo. Ya zare hannunsa, ya ce, "Babban nake so."

Mai shagon ya ce, "To. Idan bai yi maka ba, muddin bai taɓa ciyawa ba, ka dawo da shi mu canza."

Aka ɗora injin a a-kori-kura aka kai gida. Maƙwabta suka fito kallo. Mutumin ya hau, ya tayar, ya nufi ƙofar lambu. Sai ga shi injin ya fi ƙofar faɗi. Bai fi da yawa ba, kamar tafin hannu ne kawai, amma bai shiga ba. Ya ja baya ya sake gwadawa a karkace. Bai shiga ba.

Wani maƙwabci ya ce, "Maigida, giwa ka sayo mana, ko ka manta ƙofar ta akurki ce?" Jama'a suka kwashe da dariya.

Matar ta matso kusa, ta yi ƙasa da murya don kada a ji. Ta ce, "Baban yara, bai taɓa ciyawa ba. Motar ma ba ta tafi ba. A mayar a kawo ƙaramin."

Ya dubi mutane, ya dubi injin, ya ce, "In mayar a gaban waɗannan? Kawo mini guduma. Kaɗan zan fasa, gobe in kira magini ya gyara."

Ya fasa gefen ƙofar. Da yake katangar tsohuwa ce, inda ya so ya cire kaɗan sai babban yanki ya zube, ƙyauren ma ya rasa inda zai riƙe. Injin ya shiga. Kafin la'asar lambun ya yi sumul, macizai sun gudu, yara suna tsere a ciki. Waɗanda suka yi dariya suka koma yabo. Mutumin ya ce wa matarsa, "Kin gani?"

Ta ce, "Na gani. Yaushe maginin zai zo?"

Ya ce, "Gobe."

Goben aka yi ruwa. Jibi ya ce ai bayan mako zai sake shiga da injin, me zai sa a gina a sake fasawa? Ya jingina tsohon kwanon rufi a giɓin, ya tokare da dutse. Haka giɓin ya zauna, har idon mutanen gidan ya saba da shi.

Ya zama kuwa wata Lahadi, duk gidan suna coci, iska ta kayar da kwanon. Awakin unguwa suka shiga. Ciyawa an aske ta ƙasa ƙasa, babu abin da ya rage kore mai tsayi sai itatuwan yaran. Suka ɓare bawon mangwaro, suka cinye ganyen gwaiba, lemon auta kuma suka bar shi ɗan tsinke a ƙasa.

Da suka dawo, matar ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa gaban ɗan tsinken, ta kare shi da tafin hannunta. Autan ya ja rigar ubansa ya ce, "Baba, ina nawa?"

Mutumin ya dubi ɗan tsinken. Ya sa hannu a aljihun rigar, rigar da ya je birni da ita ce, sai ya ji igiyar tana nan da ƙullinta. A ranar ya fara kwashe duwatsu yana toshe giɓin da hannunsa. Ko lemon zai sake toho, bai sani ba. Kullum da safe yana zuwa ya duba.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, lambun nan gidanka ne, itatuwan kuma su ne rayukan da Allah ya ba ka amana. Ciyawa da maciji wahala ce ta gaske: yunwa, rashin aiki, kuɗin makaranta. Mutumin bai yi zunubi ba da ya nemi inji, injin ma ba mugun abu ba ne. Aiki ne, ko sana'a, ko wata dama da ta zo maka tana ƙyalli. Kuskurensa shi ne ya auna girman wahalarsa, bai auna ƙofarsa ba.

Katangar ita ce abubuwan da ba ma lura da su sai sun faɗi: addu'ar safe tare da yara, zaman uba a gida, zuwa sujada, cin tuwo a kwano ɗaya. Igiyar kuwa Maganar Allah ce, da shawarar wanda yake ƙaunarka. Tsohuwa ce, ba ta da ƙyalli, shi ya sa muke jin kunyar fito da ita a gaban manya. Idan abu ba zai shiga gidanka ba sai ka fasa katanga, to ba naka ba ne, ko da tafin hannu kawai ya fi. Ku kuma ji tsoron kalmar nan "gobe". Kafin ka ce "na karɓa", fito da igiyar, ka durƙusa ka gwada. Wanda zai yi dariya ya yi, ba shi zai amsa wa ɗanka ba.

A nan zan tsaya a aji, in sa a yi addu'a.

Yanzu, Damaris, ga abin da ba zan faɗa a aji ba. Ɗana Filimon ya samu aiki biyu. Ɗaya a nan gari ne, gyaran motocin wata makaranta, abin da za a ba shi ba yawa. Ɗayan a wani kamfanin haƙar ma'adinai ne can kudu, da gida da mota, amma ba a zuwa da iyali, ba Lahadi, sai bayan watanni yake leƙowa. Shi na kudun yake so. Matarsa Keziya ta ce masa ya yi tunani, ya ce ba ta san wahalar nema ba. Ni ma na buɗe baki, ya ce, "Mama, shekara ɗaya ce kawai, in tara in dawo." Da na ji haka sai na ji kamar ƙarar guduma. Kin san babban ɗansa ya fara bin yaran tasha, ubansa kaɗai yake jin tsoro. Ƙaramar kuma ba ta barci sai ya ɗora mata hannu ya yi addu'a.

Ranar Litinin zai ba su amsa. Ranar Lahadi zai zauna a ajin nan, a bencin baya inda ya saba.

Ban san ko daidai nake yi ba. Shi ma ciyawarsa ta yi tsayi, na sani, ni na ga yadda suke auna garin tuwo. Wataƙila Ubangiji yana da wata hanya da ban gani ba. Amma ni abin da nake da shi ke nan, tsohuwar igiya, kuma ba zan bar ta a aljihu ba.

Ina roƙonki abu biyu. Ranar Lahadi ki zauna inda za ki ga fuskarsa, don ni ba zan iya ɗaga ido in dube shi ba. Idan na kai wurin da yaron ya ce "Baba, ina nawa?", ki lura mini ko ya sunkuyar da kai ko ya tashi ya fita. Na biyu kuma, don Allah kada ki gaya wa kowa da wa nake, ko maigidanki Baban Lois, ko matar Fasto, ko Keziya kanta. Idan Filimon ya ji daga bakin wani cewa uwarsa ta kai shi gaban jama'a, kunya za ta sa ya ɗauki gudumar. Ki bar shi ya taɓa aljihunsa da kansa.