Ranar da Kaza Ta Sayar da Guminta

Dalilin da ya sa in bazara ta kankama kuke ganin kaza ta hangame baki, ta saki fukafukai tana haki, ku matso ku ji, yara: ciniki ne ya ci ta.

A da can Kaza tana gumi kamar ni da ku. In rana ta take sai zufa ta karyo mata, iska ta buso, ta ji sanyi. Amma ita ta tsani abin. Wai yana ɓata mata farin gashi, har Zabuwa tana toshe hanci in ta zo wucewa.

Jaki kuwa a lokacin ba ya gumi. Shi ke dakon kanwar fatake daga Borno, zafi na dafa shi daga ciki.

Wata rana fataken suka yada zango a ƙofar gidan Inna Kulu, uwar ɗakin Kaza. Kaza ta tsinci ɓarɓashin kanwa a ƙasa, ta ɗanɗana, ta lumshe ido.

"Malam Jaki, a sam mini mana."

"Kayan mutane ne. Amma ina da dunƙule ɗaya nawa na kaina. Me za ki ba ni?"

"Ƙwai."

"Ni da ƙwai? In ci ko in kwanta a kai?" Ya dubi zufar da ke ɗiga daga wuyanta. "Ba ni wannan ruwan."

Kaza ta kusa shiɗewa don dariya. Ta kira Agwagwa ta zama shaida tun kafin wawan ya sake shawara. Aka ƙulla ciniki.

Kanwa ta buɗe mata ciki. Ta ci dusa, ta ci tsaki, ta yi ɓul-ɓul har tafiya ta koma mata rangaji.

Sai zafi na gaske ya sauko. Kaza ta jira gumi, shiru. Ga ƙiba, ga gashi, ga rana. Ta buɗe baki ko wutar cikinta za ta fita.

Da fataken suka dawo, ta ja jiki ta sami Jaki, ya jiƙe sharkaf yana jin daɗin iska.

"Malam Jaki, a warware cinikin nan."

"To, kawo kanwata."

"Na cinye."

"Ni ma naki na zubar da shi a hanyar Borno. Wannan na jikina nawa ne."

Kaza ta juya wajen shaida. Agwagwa ta ce, "Ni dai a gabana aka yi," ta faɗa kududdufi abinta.

Nan Inna Kulu ta iske Kaza a yashe, ido ya juye. Ta yi salati, ta kai ta inuwa, ta jiƙa 'yar kanwa da ɗan gishiri a ruwan randa, ta ɗura mata. Can sai Kaza ta farfaɗo.

"Inna, ashe haka kike ƙaunata?"

Inna Kulu ta matsa cinyar Kaza, ta jinjina nauyinta a hannu, ta ce, "Sosai ma, 'yar nan. Ki daure, kada ki mutu yanzu. Sallah ta kusa."

Shi ya sa har yau kaza ba ta gumi, sai haki. Masu kiwon kajin nama kuma, da zafi ya tsananta, sai su riƙa zuba musu ɗan gishirin magani a ruwa da abinci. Su kuwa kajin suna sha suna ɗaga kai sama suna godiya, ba su taɓa tambayar dalili ba.