Maginin da Ya Hana Surukinsa Zama

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun ana gini da jar ƙasa. Ilu sunansa, magini ne, ba shi da komai sai matarsa Tabawa da jaki guda. Ku saurara da kyau, don labarin nan a gidajenmu yake kwana.

Surukinsa, mahaifin Tabawa, wani dattijo ne ana ce masa Malam Nomau. Tsoho ne mai sauran ƙarfi, har gona yana zuwa. Ranar nan da damina ya fito alwala, santsi ya kwashe shi. Bai karye ba, jama'a, bai karye ba! Maɗori ya zo ya lalluba, ya ce buguwa ce kawai, ƙashi lafiya lau. Amma 'ya'yansa maza suka taru, babbansu Cindo mai fataucin goro yana gaba, suka ce daga yau Baba ya gama wahala. Aka sayo gado. Ya miƙa hannu zai ɗauki buta, a ce, “Bari, Baba.” Ya yunƙura zai tashi, a ce, “Zauna, Baba.” Tuwo a kawo, ruwa a kawo, hira ma a kawo masa har bakin gado. Gari ya ɗauka: kai, 'ya'yan Malam Nomau akwai biyayya!

Biyayya? Kafin a yanke gero ƙafafun tsohon nan sun tsotse sun koma kamar karan dawa. Mutumin da yake kai kansa gona, yanzu bayan gida ma sai mutum biyu sun ciccibe shi.

To kun san tsakanin mutum da surukinsa. Ilu in ya je gaisuwa, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, kai a ƙasa, ya gaisar ya fita. Wata rana ya je ya tarar da tsohon shi kaɗai. Har ya miƙe zai tafi, sai ya ji an ce, “Magini, matso kusa.”

Ya matso.

Malam Nomau ya ce, “Zan gaya maka abin da na kasa gaya wa 'ya'yan cikina. Jiya babu namiji a gidan nan. Na riƙe, na riƙe, har na kasa. Matar Cindo ce ta wanke shimfiɗar.” Hawaye suna bin gemunsa. “Ni ban ce in koma gona ba. In kai kaina bayan gida, shi ke nan. Amma da na sa ƙafa a ƙasa sai tsoro ya kama ni. Don Allah maganar nan kada ta fita.”

Ilu ya ji kamar ya nutse don kunya, tausayi kuma ya cika shi. Ya ce, “Baba, ni ban san magani ba. Amma mai koyon gini, ranar da ya fara hawa katanga jikinsa rawa yake yi, a hankali ƙafar take sabawa. In ya daɗe bai hau ba, tsoron ya dawo. Ina ga taku ƙafar ma mantawa ta yi. In kun yarda, mu tuna mata.”

Washegari ya koro jakinsa da ƙasa. Ya sassabe dokin ƙofar da ya yi tudu, ya cike ramukan tsakar gida, ya ja wata 'yar katanga iya ƙugu daga ɗakin tsohon har bayan gida, don ya samu abin dafawa. Da ta bushe suka fara. Ya kifa turmi, tsoho ya zauna ya tashi, ya zauna ya tashi. Ya dafa katanga ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya sauke, ya ɗaga ɗayar. Ilu ya ja layi a ƙasa, tsoho ya bi, diddige gaban yatsu. Ilu yana gefe, hannu a buɗe, bai taɓa shi ba sai in ya ga zai tafi. Wata rana tsohon ya yi dariya, wata rana ya yi faɗa ya ce ya gaji. Matan gida suna leƙe suna riƙe haɓa, duk Ilu yana gani.

Ana nan sai ga Cindo ya dawo daga fatauci. Yana shigowa ya ga ubansa tsaye a kan ƙafa ɗaya, gumi sharkaf, jiki na kakkarwa. Tsohon ya waiwayo, ya yi tangal-tangal, Ilu ya yi wuf ya rungume shi ta ƙugu. Kafin ya gama zaunar da shi, mari ya sauka a kuncinsa.

Cindo ya ce, “Kai, marar kunya! Mun ba ka ƙanwarmu, shi ne za ka mayar mana da uba abin wasa? In ya karye kai za ka ɗora shi?” Maƙwabta suka cika gida. Cindo ya juya ya ce, “Baba, kai ka sa shi?”

Ku saurara, nan ne wurin. Malam Nomau ya dubi jama'a, ya dubi matar Cindo, ya sunkuyar da kai. Bai ce uffan ba.

Ilu, kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa. Da ya so, sai ya ce tsohon ne ya kira ni, ga abin da ya faru da shi a kan shimfiɗa. Kuncinsa na zafi, zuciyarsa na tafasa, amma ya ga in ya buɗe baki ya tsira da mutuncinsa, na tsohon ne zai zube a gaban maƙwabta. Sai ya ce, “Yaya, ka yi haƙuri.”

Cindo ya sa aka rushe katangar nan a ranar, ya ce kada ƙafar Ilu ta sake taka gidan. Gari kuwa, kun san gari. Waɗanda ba su taɓa leƙa tsohon ba su ne suka fi kowa zagi. Ilu ya wuce majalisa, a yi shiru, ya ba da baya a ce ga mai sa surukinsa rawa.

Bai rama ba, bai kuma haƙura da tsohon ba. Ya ce wa matarsa, “Tabawa, ke ba a hana ki shiga ba. In kin kai wa Baba fura, kada ki miƙa masa. Ki ajiye ta ɗan nesa, ki tsaya kusa da shi har ya taso ya ɗauka. Gobe ki ƙara nisan.” Ta ce, “Malam, za a ce ni ma ba ni da tarbiyya.” Ya ce, “Za a ce.” Aka kuwa ce. Tana dawowa ya tambaye ta, wata rana ta ce ya taso, wata rana ta ce ya ƙi.

Rani ya shigo. Wata rana da hantsi Ilu yana kwaɓa ƙasa a ƙofar gidansa, sai ya ji hayaniya. Ya ɗaga kai ya ga Malam Nomau tafe da sanda, a ƙafa, a hankali, 'ya'yansa suna biye da hannuwa a miƙe suna ta “Baba, tsaya a ɗauke ka.” Ya iso gaban Ilu. Tsoho, suruki, mai furfura, ya durƙusa a gaban mijin 'yarsa.

Ilu ya ce, “Subhanallahi, Baba, ku tashi!”

Ya ce, “Sai na faɗa, kowa ya ji. Ni na roƙe shi. Aka mare shi a gabana na yi shiru, ya rufa mini asiri. Magini, ka yafe mini.” Ilu ya fashe da kuka. Cindo ya miƙo hannu zai ɗaga ubansa, tsohon ya ture hannun. Ya dafa sandarsa, ya yunƙura, ya miƙe da kansa.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Girmama tsoho ba ƙwace masa ƙafa ba ne. Wallahi da yawanmu ba tausayi ke sa mu zaunar da iyayenmu ba, gaggawa ce da tsoron bakin mutane. Ka ɗauko wa mahaifiyarka butar ya fi maka sauƙi da ka tsaya ta taka ta ɗauko, sai ka kira ragwancinka biyayya. In tsohonka yana jiri, kai shi asibiti a duba shi. In an ce ya taka, to tsaya a gefensa ya taka. Gyara santsin wurin alwala, sa masa abin dafawa, ka jure maganar mutane yadda bawan Allah nan ya jure. Kai da kake gyaɗa kai a sahun gaba, yau in ka koma gida ka tambayi mahaifiyarka yaushe rabonta da fita ƙofar gida da ƙafarta, ka kuma tambayi kanka wa ya hana ta. Yadda ka zaunar da ita, 'ya'yanka suna kallo, kuma kai ma gwiwarka ta fara ƙara in za ka tashi daga sujada.

Allah Ya bar mu da ƙafafunmu har ranar da za a ɗauke mu a kafaɗa.