Shaidar Da Malam Hammadu Ya Kasa Yi Wa Ɗansa Na Fari

Akwai wani dattijo a Fammar ta ƙasar Kibiya, sunansa Malam Hammadu. Bafulatani ne wanda iyayensa suka daɗe da barin yawon kiwo suka zauna wuri ɗaya. Yana da gona, yana da 'yan shanunsa. Mutum ne mai gaskiya, ba ruwansa da hayaniya. In ka zauna da shi daga azahar zuwa la'asar, da ƙyar ka tsinci magana goma a bakinsa.

Ɗansa na fari shi ne Salahuddeen. To, kun dai san yadda wasu iyayenmu suke da ɗan fari. Malam Hammadu bai taɓa kiran sunan yaron nan ba. Daga "kai" sai "wancan", in kuma yana nemansa ya ce da ƙannensa, "Ku kira min yayanku." Ba ya cin abinci da shi, ba ya yaba masa, ba ya shiga maganarsa a gaban mutane.

Duk abin da ya shafi Salahuddeen, tun daga sa shi a makaranta, ƙanin Malam Hammadu ne yake tsayawa, wato Baffa Isyaku. Haka aka taso aka gani, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar hakan laifi.

Salahuddeen ya yi karatun kiwon dabbobi a Kano, ya dawo gida. Abokansa suka bazama neman aikin ofis, shi kuwa hankalinsa ya tafi kan karan dawa da ake bari a gona bayan girbi. Ya fara tara karan yana daddatsa shi da adda. Sai ya haɗa da harawa, da dusa, da tunkuza, da 'yar kanwa, ya ɗura a buhu. Mutane suka samu abin dariya, wai ɗan boko ya dawo yana yi wa shanu girki.

Dariyar ba ta je ko'ina ba. Da bazara ta yi, shanun mutane suka rame har kana ganin haƙarƙarinsu daga nesa, amma na gidan Malam Hammadu suna nan sumul, nono bai yanke ba. Sai ga masu dariyar nan sun fara sallama. Har daga Tarai makiyaya suke zuwa da babura neman buhu ɗaya ko biyu.

Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne addar nan. Zai wuni yana sara, hannu duk kanta, amma da ƙyar ya haɗa buhu uku. Masu saye kuwa sun fi ƙarfin buhu uku. Injin daddatsa kara yake buƙata, kuma ba shi da halinsa.

Bari in faɗa muku wani abu da Salahuddeen bai sani ba. Duk ranar da ya tafi kasuwa, mahaifinsa yakan lallaɓa rumfar da yake aiki. Ya tsoma hannu a buhu, ya shinshina, ya yi murmushi shi kaɗai. Wani lokacin har ya ɗauki addar ya rage masa sara, sannan ya mayar da ita daidai inda ya same ta. Wallahi yana alfahari da yaron nan. Bakin ne kawai ba ya buɗuwa.

A Rano akwai wani mai motocin haya da ke jigila zuwa Kano, ana ce masa Alhaji Tajuddeen. Shi da wasu 'yan kasuwa suna shirya gasa duk shekara ga matasan Rano da Kibiya masu sana'a. Wanda ya zo na ɗaya, Alhaji zai saya masa injin da sana'arsa ke buƙata, ya kuma kama masa shago.

Sai dai a shekarar da ta gabata Alhaji ya ji jiki. Yaron da ya ci gasar ya sayar da kekunan ɗinkin da aka ba shi, ya gudu ya bar garin. Saboda haka Alhaji ya kafa sharaɗi: ba zai ƙara ba kowa komai ba sai uba, ko uwa, ko wani babba na gidan ya tsaya gaban jama'a ya ce ya yarda da yaron.

Salahuddeen ya shiga gasar. Alƙalai suka zo har Fammar, suka ga aikinsa, suka ga shanun, suka koma suna jinjina kai. Ya kai cikin ukun ƙarshe. Ba ya ko tunanin sharaɗin, tunda ga Baffa Isyaku.

Ana saura kwana biyu taro, ciwo ya kwantar da Baffa Isyaku, aka wuce da shi asibiti a Kano.

Ana gobe taro, Salahuddeen ya samu mahaifinsa a ƙofar gida, ya durƙusa daga ɗan nesa. Ya ce, "Baba, gobe ne taron nan na Rano. Sun ce sai wani babba ya tsaya. Ga shi Baffa ba lafiya."

Malam Hammadu bai dube shi ba. Ya ce, "Na ji."

Washegari kuwa ya sa babbar rigarsa ta zuwa Idi, ya riga kowa zuwa filin makarantar da aka kafa rumfuna.

Aka fara da wata yarinya Bushra daga Rurum Tsohon Gari, mai matsar man gyaɗa da yin ƙuli. Mahaifiyarta Baraka ta karɓi makirfo, ta fara tun daga ranar da yarinyar ta fara rarrafe. Ta yabi hannunta, ta yabi tarbiyyarta, ta yabi ƙulin. Sai da mai gabatarwa ya haɗa ta da Allah sannan ta saki makirfon, jama'a suna ta tafi.

Na biyun ma yayansa ya tsaya masa. Sannan aka kira mai tsaya wa Salahuddeen.

Malam Hammadu ya miƙe ya taho a hankali. A kujerun gaba ga surukinsa, ga sa'o'insa da suka yi kiwo tare tun suna yara. Sai wani abokin wasansa ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a ku yi shiru! Yau Hammadu zai faɗi sunan ɗan fari!"

Fili ya ɗauki dariya. Jama'a, wannan tsokanar ita ta ƙarasa ɓata komai. Dattijon ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya riƙe makirfo, ya ce, "Ni fa ban san abin da yake yi ba. Ina dai ganinsa yana wasa da kara."

Aka sake yin dariya, domin kowa ya gane kunya ce. Alhaji Tajuddeen ma ya murmusa, ya taso ya zo kusa da shi.

Ya ce, "Malam Hammadu, ni ma ɗan fari ne, na san wannan. Ba yabo nake nema ba, kuma ba sai ka faɗi sunansa ba. Ka san abin da aka yi min bara. Tambayata ɗaya ce. In na damƙa wa yaron nan inji, zai riƙe amana? Ka ce min i, ko ka ce a'a."

Salahuddeen yana tsaye gefe, kansa a ƙasa, yana jiran kalma ɗaya.

Malam Hammadu ya dubi surukinsa, ya dubi abokin wasan nan da ke washe baki yana jira. Sai ya ce, "Alhaji, yaran yanzu sai Allah. Ni ba zan iya cewa komai a kansa ba."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Shi Malam Hammadu a ransa kawar da kai ya yi, irin wanda ya saba. Amma a kunnen Alhaji, mutumin da aka cuta bara, maganar ta fito kamar gargaɗi. Uba mai gaskiya irin Malam Hammadu ya ce ba zai iya cewa komai ba, to lallai akwai abin da ya sani.

Alƙalai suka haɗa kai na ɗan lokaci. Aka sanar da Bushra a matsayin ta ɗaya. Ba a zalunci kowa ba, yarinyar ta iya sana'arta. Amma kowa a filin nan ya san wanda aka zo da niyyar ba wa.

Salahuddeen ya je ya taya ta murna. Sannan ya tayar da babur, ya goya mahaifinsa suka kama hanyar Fammar.

Da a rasa inji abin ya tsaya, da sauƙi. Magana ce ta fara yawo a kasuwa da majalisa: "Ai ubansa ma ya ƙi tsaya masa." Wani ya ce ƙila algus yake yi. Wani ya ce dama shi tun farko bai yarda da haɗin nan ba. Baburan da ke zuwa daga Tarai suka ragu. Masu zuwan ma sai sun zazzage buhu sun bincika a gabansa.

Wata biyu Salahuddeen ya daure. Rannan ya share rumfar, ya yi wa iyayensa sallama, ya tafi Kano. Wani ya ba shi adaidaita sahu yana ja.

Da Baffa Isyaku ya warware ya dawo ya ji labari, bai ɓoye ɓacin ransa ba. Ya ce, "Yaya, kunya aka ce ka ji, ba a ce ka kayar da shi ba. Mutumin nan har ya sauƙaƙa maka. I kawai za ka ce. Wa zai zage ka don ka ce ɗanka ba maci amana ba ne?"

Malam Hammadu ya ce, "Isyaku, kalmar ta zo har bakina. Na ga idon mutane, sai na haɗiye ta."

Ranar kasuwa ya shirya ya tafi tasha a Rano, ya samu Alhaji Tajuddeen. Mutumin da ba ya magana goma a wuni, ranar ya zauna ya zayyana komai. Yadda yaron yake fita tun da sassafe, yadda bai taɓa tauye buhu ba, yadda ya taɓa zubar da haɗi guda saboda ya ji dusar ta fara tsami, ya ƙi sayar wa mutane.

Alhaji ya tafa hannu ya ce, "Haba Malam! Ina ka ajiye wannan maganar ranar? Rabin wannan ka faɗa, da yanzu injin yana Fammar. Ni ma na yi gaggawa, da na bi ka gida na tambaye ka mu biyu. To na bana ya wuce, ba zan karɓe na yarinya ba. Ka dawo da shi, baɗi ya sake shiga, ka tsaya masa."

Daga nan Malam Hammadu ya hau mota zuwa Kano. Da tambaya ya gano inda masu adaidaita suke tsayawa. Salahuddeen yana hango shi ya sauko da sauri ya durƙusa. Ya ce, "Baba, lafiya? Kun sha hanya."

Suka koma inuwar wani shago. Dattijon ya kalli titi, bai kalle shi ba, amma ya yi maganar. Ya ce, "Aikinka yana da kyau. Tun ranar farko na sani. Ban taɓa shakkar ka ba, nauyin baki ne ya kama ni. Na yi maka laifi. Ka dawo gida, Alhaji ya ce baɗi ka sake shiga."

Hawaye ya zubo wa Salahuddeen. Ya ce, "Baba, ba ku yi min laifi ba. Kuma ba injin ne ya dame ni ba. Ku ba ku taɓa yin ƙarya ba, shi ya sa da kuka ce sai Allah, ni ma na yarda. Na ɗauka kun ga wani abu a tare da ni da ni ban gani ba. Tun ranar, in na ɗauki adda sai in ji hannuna ya mutu."

Ya ce zai yi tunani. Ya raka mahaifinsa tasha, ya sa shi a mota.

Yana zuwa gida da sallah, yana yi wa iyayensa alheri, bai taɓa ɗaga maganar ba. Amma rumfar nan bai sake shigarta ba. Zuciyar da ya fara aikin da ita ta riga ta karye, kuma rarrashin da ya zo a makare bai ɗora ta ba.

Da shekara ta zagayo aka sake taron gasa a Rano. Malam Hammadu ya je tun da safe ya zauna a gaba, yana ta duban hanya ko yaron zai canza shawara. Ya shirya abin da zai faɗa tsaf, har ya maimaita shi a gaban Isyaku. Aka kira iyaye ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tashi ya tsaya wa nasa.

Har aka tashi taro ba a kira shi ba, domin Salahuddeen bai sa sunansa a gasar ba.

Darasi: Kunya ado ce, amma ba a wurin da ɗanka yake jiran shaidarka ba. Masu hali za su iya ba matashi inji da shago, amma ƙarfin gwiwar da zai riƙe sana'a daga gida yake samo shi. In ka ga ɗanka, ko ƙaninka, ko 'yar maƙwabcinka tana ƙoƙarin neman na kanta, ka faɗi alherin da ka gani tun yana da amfani, kuma ka faɗe shi inda za a ji. Ku tura wa iyaye da yayye wannan labari, wataƙila akwai wani yaro da ke jiran "i" ɗaya a yau.