Beben Ɗanmaliki

Ko na rantse ba za ku yarda ba, amma a Jabo an yi wani Ɗanmaliki, sarkin cika baki. Zamanin Turawa aka kai shi elementare a Tambuwal, bai rufa shekara ba ya tsere. Kullum labarinsa ɗaya ne: wai shi ya kori malami da bulalar malamin.

Wata shekara aka ce Malam Bube na elementare zai zo ɗibar yara makaranta. Ba ya ɗaukar yaro sai ya zauna da shi, ya ga gaisuwarsa da yadda yake mai da magana. Hankalin Na'iya, yayan Ɗanmaliki, ya tashi, don ɗansa Almu ke kiwon maruƙan gidan.

Ɗanmaliki ya bugi ƙirji. "Yaya, bar ni da shi, bebe zan maishe shi. In sun ɗauke shi, ni zan yi kiwon!"

Ya yi ta horar da yaron: ko aradu ta faɗi, kada ya motsa.

Ranar, a ƙofar mai gari, Malam Bube ya ce, "Yaro, mi sunanka?" Shiru. Ya tafa hannu a bayansa. Shiru.

"Malam, wanga tun haihuwa bai ce uffan ba," in ji Ɗanmaliki. "Je ka gaya wa Baturenka!"

Amma malamin ya riga ya lura: da mai gari ya yi sallama daga baya, leɓen yaron ya motsa zai amsa. Sai ya juya ya ce, "Allah sarki. Kai ne Ɗanmalikin da ya gudu daga aji yana kuka, ya bar wandonsa a ƙaya?"

Almu ya yi zumbur. "Ƙarya ne! Baffa shi ya kori malami! Ya ce kai ma yau sai ka yi gudu!" Sai ya tuna da babba yake magana, ya durƙusa. "Gafarta Malam."

Wuri ya ɓarke da dariya. Malam Bube ya ce, "Bebe mai kare baffansa, ga kuma ladabi. Litinin a kawo shi."

Na'iya ya miƙa wa ƙanensa sandar kiwo. Ɗanmaliki ya fizge ta. "Da ma maruƙan sun fi ku hankali!" Ya bi su daji, rana tsaka.

Jama'a, yaro tulu ne, abin da ka zuba shi zai tsiyayo. Wanda ya cika kunnen yaro da ƙarya, ranar da ya fi bukatar shirunsa, ranar zai ji ta a bainar jama'a.